Amsa Ga Mai Tambaya Kan Gilashin Manne Mai Tauri Da Mai Laushi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka: likita ya ce keratokonus gare ka, ya ba ka shawarar gilashin manne (ɗan gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido) mai tauri, wanda suke ce wa RGP, abokai kuma suna cewa mai laushi ya fi daɗin sawa. Shekarata 7 ina sa mai tauri a nan Gusau, kafin nan na yi shekara 2 da mai laushi.

Abokanka ba su yi ƙarya ba. Mai laushi faɗinsa wajen milimita 14 ne, yana rufe baƙin ido gaba ɗaya, tun ranar farko sai ka manta da shi. To amma laushin nan shi ne cikas ga irinmu. Ciwonmu, fatar nan mai haske ta gaban ido, wadda likitoci ke kira koniya, ita ce ke yin siriri ta yi tsini. Mai laushi lafewa yake ya bi tsinin, kamar jiƙaƙƙiyar riga a jiki. Mai tauri kuwa, milimita 9 zuwa 10 ne, siffarsa ba ta sauyawa, hawaye ne ke cike gurbin da ke tsakaninsa da ido, sai haske ya shiga daidai. Daren da aka sa mini shi na ga fitilar mota guda ɗaya, ba uku masu jela ba. Wallahi har ƙwalla na yi.

Wahalar tana sati biyun farko. Duk ƙiftawa fatar idonka na jin gefensa, ga hawaye. Da awa kaɗan ake farawa, ana ƙarawa kullum. Mutane da yawa a kwana na uku suke ajiye shi, kuma a ganina sun yi gaggawa.

Sai hunturu. Ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga ƙarƙashinsa kana kan babur, dole ka tsaya ka cire. Ban fita ba tare da baƙin tabarau mai rufe gefe ba. Mai laushi ƙura ba ta cika shigarsa ba, shi kuma bushewa yake.

Maganar ruwa kada ka yi wasa da ita, kowanne ka zaɓa. Ba a wanke shi da ruwan famfo, na rijiya, fiya wata ko miyau, saboda ƙwayar cutar akantamiba da ke iya makantar da mutum. Wurin alwala ka runtse ido sosai in za ka wanke fuska. Kada ka kwana da shi.

Kuɗin mai tauri ya fi yawa da farko, amma yakan kai shekara ɗaya zuwa biyu, mai laushi kuwa wani kullum ake sauyawa, wani duk wata. Ruwan wankinsa daban ne, ni daga Kano nake saƙonsa, kwalba biyu a lokaci guda.

Abin da na so a ce an gaya mini da wuri: gilashin gyara gani yake, ba ya tsayar da ciwon. Ka daina murza ido, ko da ƙaiƙayi ya dame ka. Idan ka koma, ka tambayi likita maganar aikin ƙarfafa koniya da ake yi da sinadarin ribofilabin da haske na musamman, tunda ka ce shekararka 21, kuma a irin shekarun nan tsinin ya fi saurin ƙaruwa. Allah Ya ba ka lafiya.