Amsa: MPV ɗin Baba ya hau, ko zuciya ce?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce ƙirjinsa na matsewa idan ya hau bene ko ya yi sauri zuwa masallaci, in ya tsaya minti biyu uku ya lafa, sannan takardar gwajin jini ta nuna MPV (ma'aunin girman ƙwayoyin jini da ake kira filatilet) 12.4, kana tambaya ko wannan na nufin jijiyar zuciya ta kusa toshewa.

Matsewar ƙirjin nan ta fi lambar muhimmanci nesa ba kusa ba. Ciwon da ke zuwa da motsi ya tafi da hutu shi likitoci ke kira anjaina, wato kitse ya ƙuntata jijiyar da ke kai wa zuciya jini.

Filatilet su ne ƙananan ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni, mai lafiya yana da dubu 150 zuwa dubu 450 a kowace mikrolita. Idan kitsen da ke jikin jijiya ya tsage, sai su ruga wurin su manne da juna, su zama gudan jini. Haka jijiyar ke toshewa a samu bugun zuciya. Yayin da suka tashi aiki suna barin alamu a jini: P-selectin da ke fitowa a bayansu, PF4 da beta-thromboglobulin da suke zubarwa, da thromboxane wanda ake auna ragowarsa a fitsari. Gaskiya ne alamun nan sun fi hawa ga masu anjainar da ke taɓarɓarewa. Amma gwajin bincike ne, ba da su ake yanke hukuncin magani ba, kuma da wuya ka same su a asibitocinmu.

Dalili kuwa, filatilet masu saurin firgita ne, ɗiban jinin kansa yana tayar da su. Dole a yi amfani da allura mai faɗi, lamba 21 ko wadda ta fi ta faɗi, kada robar ɗaure hannu ta wuce minti ɗaya, a zubar da mililita 2 zuwa 3 na farko, a zuba sauran a kwalba ta musamman, kada a girgiza. A kuskure ɗaya, sakamako ya hau alhali mutum lafiyarsa lau. Allurar heparin mai hana jini daskarewa ma tana ɗaga PF4, ciwon ƙoda yana ɗaga beta-thromboglobulin.

Shi MPV girman ƙwayoyin kawai yake aunawa, don manya da sababbi sun fi zafin aiki. Yawancin injina suna ɗaukar 7 zuwa 12 a matsayin daidai, kowane da nasa ma'auni. Ga inda gizo ke saƙar: kwalba mai murfi shunayya da ake ɗiban jinin a ciki tana da EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, wanda ke sa ƙwayoyin kumbura a hankali. Jinin da ya yi awa biyu uku a kan tebur ana jiran wuta ko a tara samfura, MPV ɗinsa zai fi na wanda aka auna nan take. Zazzabin cizon sauro ma yana rage yawan filatilet ya ƙara girmansu, sikari da shan taba ma suna ƙara girmansu. Ni dai 12.4 shi kaɗai ba zai ɗaga min hankali ba.

Abin yi, a kai shi wurin likitan zuciya cikin makon nan. Za a yi ECG, gwajin da ke zana aikin lantarkin zuciya, a duba hawan jini, sikari, kitsen jini da ƙoda, wataƙila da hoton zuciya. ECG na iya fita daidai idan ba a cikin ciwon aka yi shi ba, kada wannan ya sa ku saki jiki.

Idan ciwon ya zo masa yana zaune, ko ya wuce minti 15, ko ya haɗa da gumi, amai, ko ya miƙa zuwa hannu da muƙamuƙi, a tafi sashen gaggawa, babu jiran gari ya waye. A can troponin ake nema, sinadarin da ke fita cikin jini idan naman zuciya ya ji rauni, kuma sai an maimaita bayan 'yan awanni, don na farko yakan fita ƙalau.

Kada ku fara ba shi asfirin da kanku, musamman in yana da gyambon ciki. Idan likita ya rubuta na miligiram 75, maganin yana raunana aikin filatilet har ƙarshen rayuwar filatilet ɗin, kwana 7 zuwa 10, shi ya sa ake gaya wa likitan haƙori kafin cire haƙori. A kuma nesanta shi da ibuprofen da ake saya a kemis don ciwon gwiwa, yana hana asfirin aikinsa.