Amsar tambayar Hajiya kan ƙusar tukunyar kashe gobara da ta ƙi fita

Assalamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da yamma, ya sanyi ya ƙura. Na saurari muryar Hajiya mai gidan abinci ta Zango, inda take cewa tiyon gas ya kama wuta, yarinyarta ta ɗauko tukunyar kashe gobara, ta ja ƙusa ta ja ta ƙi fita, sai da maƙwabci ya shigo ya rufe gas ɗin. Allah ya ƙara tsarewa. Tana tambaya ko akwai wata iri mai sauƙin buɗewa ta saya. To Hajiya, kar ki yi saurin fidda kuɗi tukuna, bari in gaya miki abin da muke gani mu masu cika su.

Ƙusar nan mai zobe, aikinta kawai ta hana hannun sama ya danne. To mutum in ya firgita, abin da yake yi shi ne ya damƙe hannayen biyu da ƙarfi yana jan ƙusa. Kin ga ya matse ta da kansa ke nan. Ko ƙato ne ba zai fidda ta ba. Ina kyautata zaton abin da ya samu yarinyarki ke nan. A ajiye tukunyar ƙasa, a riƙe ta a wuya, a murɗa zoben ɗan zaren roban nan ya tsinke, sannan a ja. Murɗawa kafin ja. Wannan kaɗai in kin koya musu, rabin matsalar ta tafi.

Sai kuma abin da mu da kanmu muke ƙara mata. Zaren roban da kamfani ke sakawa an yi shi ne don ya tsinke da sauƙi. Amma in ya ɓace, sai ka ga an ɗaure ƙusa da wayar ƙarfe, an murɗe ta da filaya, wai kar yara su yi wasa da ita. Na taɓa karɓar wata daga wani shago wajen Kasuwar Dole, an sa mata ƙusar kafinta an lanƙwasa bakin, ni mai kayan aiki sai da na yi gumi kafin ta fita. Wani kuma ya sa ta cikin akwati ya buga kwaɗo, makulli yana aljihun maigida, maigida yana masallaci. Na san tsoron sata ne, ba na musu. Amma in dole sai akwati, a yi mai ƙofar da ake finciko wa da hannu ɗaya.

Yawwa, ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Tukwanen nan masu hoda a ciki iri biyu ne a garin nan. Akwai mai ɗan agogo a wuya, allura tana kan kore: ita kullum a cike take da iska, ka zare ƙusa ka danna, shi ke nan. Akwai kuma wadda ba ta da agogo, irin da ake kawowa daga Faransa, ita iskar tana cikin wata ƴar kwalba a ciki. Sai ka zare ƙusa, ka danna abin da ke kanta da ƙarfi ya huda kwalbar, ka ɗan jira daƙiƙa biyu-uku iska ta hau, sannan ka matsa bakin tiyo. Tana da kyau, tana jure ajiya, amma ga wanda bai taɓa riƙewa ba, mataki ɗaya ya ƙaru, kuma a nan ake rikicewa. Ni a ganina, wurin da yara mata ke aiki suna canzawa kowane wata, mai agogo ta fi. Kuma kar a gauraya iri biyu a wuri ɗaya.

Nauyi ma a duba. Mai kilo 6 ta hoda, da ƙarfenta tana kai kilo 9 zuwa 10. Mai kilo 9 tana kusan 14. Mutane na son babba don a ga sun yi ƙoƙari, sai a rataya ta can sama kusa da rufi. Ƙa'idar Faransa ta ce hannunta kar ya wuce mita 1 da santi 20 daga ƙasa. Biyu masu kilo 6 sun fi ɗaya ƙatuwa da ba mai iya saukewa. Kuma a rataya ta bakin ƙofa, ba gefen murhu ba, don wanda zai ɗauka ya zamana hanyar fita tana bayansa.

Alhaji da ya yi maganar irin ta manyan otal, wadda ake kafawa saman murhu da tiyo-tiyo, ita ma tana da abin ja da hannu. A ƙa'idar Amurka an ce a kafa shi kan hanyar fita, nisan mita 3 zuwa 6 daga murhu, tsayi kamar mita 1 da santi 7 zuwa mita 1 da santi 22 daga ƙasa, kuma ƙarfin da za a sa a ja shi kar ya wuce kamar na ɗaga kilo 18. Waya ce ke bi ta cikin bututu, duk lanƙwasa tana ƙara mata tauri, ga maiƙo ga ƙurar hunturu. In ta yi tauri, mai gyara ake kira ya rage kwana-kwanar bututun ya wanke, ba a ɗaura mata igiya a ce an gyara.

Ƙurar nan tamu ta Damagaram ba ta barin komai. Tana shiga ramin ƙusa, damina ta zo ta yi tsatsa. Zanzaro kuma yana son bakin tiyo, ya gina ɗakinsa a ciki ya toshe. Hodar ciki in ta daɗe a zaune tana dunƙulewa kamar siminti, sai a riƙa kifa tukunyar ana girgizawa wata-wata, har ka ji garin yana zubowa a ciki. Sau ɗaya a shekara kuma a kai a duba.

Hajiya, ki lura da wannan: mai kilo 6 cikin ƴan daƙiƙoƙi take ƙarewa, don haka gindin wuta ake nufa, ba harshenta ba. Wutar gas kuma, in hannu zai kai, rufe kan tukunyar gas shi ne farko, maƙwabcinki daidai ya yi. In mai ne ya kama a kasko, a kashe murhu a rufe da murfi, kar a kuskura a zuba ruwa. Wani kuma ya buga 18, lambar ƴan kashe gobara, tun da wuri, kar a jira sai ta gagara.

Idan lokacin cika taki ya yi, kar ki aiko ta a cike. Ki tara yaran a fili, ki ba wadda ta fi kowa ƙanƙanta ta zare ta fesa da hannunta har ta ƙare, tunda dai za a sake cikawa. Yanzu ki ɗauko hoton kan tukunyar ta kusa, wajen ƙusar, ki turo nan gurup in ga ko wace iri ce da abin da aka ɗaure ta da shi. Sai an jima.