Na zuba wa dashena yuriya ya ƙone, ina mafita?

Tambaya: Salam Malam, ina renon dakwara da gawo a leda, ganyensu ya yi ɗorawa sai na zuba musu yuriya, wasu suka ƙone. An ce min akwai ƙwayoyin halitta da ke sa dashe girma, gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Gaskiya ne, kuma iri biyu ne za su yi maka aiki. Akwai bakteriyar da ake kira raizobiyam, ita ke yin 'yan ƙulle-ƙullen nan a saiwa irin wanda kake gani in ka tuge gyaɗa, tana ɗauko naitirojin, wato sinadarin da ke cikin takin yuriya, daga iska ta ba itacen, kuma gawo da dakwara da bagaruwa duk suna hulɗa da ita. Sai maikoraiza, wani naman gwari ne mai siraran zare da ke manne wa saiwa ya bazu cikin ƙasa yana jawo mata sinadarin fosfaras da ruwa daga inda ita ba za ta kai ba.

To matsalar ita ce taki mai yawa yana korarsu. In naitirojin ya yi yawa a leda itacen ba zai damu da yin ƙulle-ƙullen ba, in fosfaras ne ya yi yawa maikoraiza ta ja baya, ga shi ledar ƙarama ce, gishirin takin ba shi da wajen zuwa sai kan saiwa, shi ya sa naka suka ƙone.

Ba sai ka kashe kuɗi ba. Je gindin tsohon gawo mai lafiya ka tono ƙasa haɗe da ƙananan saiwoyi, ka zuba kamar cikin hannu ɗaya a kowace ledar gawo, na dakwara kuma daga gindin dakwara. Kar ka bar ƙasar ta sha rana. Sauran haɗin ƙasar gona ce da yashi da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, don Allah ban da ɗanyen kashin kaji. Nodumax kuwa, wato haɗin raizobiyam na sayarwa da cibiyar binciken noma ta IITA ta samar, don waken suya aka yi shi, kar ka saya don dakwara.

In dole sai ka sa NPK, bari dashen ya yi ganye sosai tukunna, 'yan ƙwayoyi kaɗan a gefen leda nesa da kara, ka bi da ruwa nan take. Maganin naman gwari ma ka rage zuba shi a ƙasa.

Bayan kamar wata 2 ka farke leda ɗaya ka wanke saiwar, ka fasa ƙulli ɗaya, in cikinsa ja-ja ne to yana aiki. In babu ko ɗaya kuma ganyen na nan ɗorawa, duba ko ruwa ke kwanciya a ledar, ka ƙara mata huji a gindi.