Kifin Ado: Kafin Ka Saya, Duba Bakinsa

Wasiƙun wannan makon duk a kan kifin ado ne, wanda mutanenmu mazauna Saudiyya ke ajiyewa a falo cikin akwatin gilashi.

Wani malami daga Jidda ya ce: "Na zuba ƙananan kifayen nan masu shuɗin layi, neon tetra, guda goma, na haɗa su da oska biyu. Kullum da safe sai in ga sun ragu, kuma ban taɓa ganin gawa ba."

Malam, gawar tana cikin oskarka. Wannan kuskure na gaji da maimaita shi. Duk kifin da zai iya shiga bakin wani kifi, abincinsa ne, komai daɗewar zamansu tare. Oska ɗan kogunan Amurka ta Kudu ne. A shago za ka gan shi bai fi tsawon yatsa ba, amma yana kai santimita 30, neon kuwa ba ya wuce 4. Wanda ya taɓa kiwon tarwaɗa a gida ya san wannan: in ba ka riƙa ware manya daga ƙanana ba, ranar kwashewa za ka tarar da 'yan ƙattai kaɗan, sauran sun tafi cikinsu. To me ya sa da an ga gilashi da fitila sai a manta?

Haka mai faɗin jikin nan, anjel. Yana da fuskar salihai, amma in ya girma yakan tsince neon ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma fleko, wanda masu shago ke cewa zai share maka gilashi, irin da aka fi sayarwa yakan wuce santimita 30, kuma kashin da zai yi ya fi dattin da zai share. Saboda haka in ka je saye, ka tambayi iyakar girman kifin, kada ka tsaya ga yadda ka gan shi ranar. Kai kuma Malam, ka mai da oskar zuwa shago ko ka yi musu akwatinsu daban. Neon su zauna aƙalla shida, don a garke suke samun natsuwa, ka haɗa su da koridoras masu kiwo a ƙasan ruwa, su ma shida. Kowa da inda ya fuskanta, kamar zaman 'yan marina.

Hajiya daga Makka tana son haɗa golfish, mai launin zinare, da gufi, ɗan ƙaramin kifin nan mai faffaɗar jela. Hajiya, a bari. Golfish ya fi son ruwa mai sanyi, kamar digiri 18 zuwa 22, gufi kuma 24 zuwa 27, ɗaya dai zai wahala. Kuma a zafin Makka kada ki ajiye akwatin kusa da taga. In aka kashe na'urar sanyaya ɗaki ruwan ya ɗumama, iskar cikinsa takan ragu, shi ne za ki ga kifi a sama yana haki.

Ɗan samari daga Madina: namijin beta, kifin nan mafaɗaci, guda biyu a akwati ɗaya? A'a, faɗa za su yi har ɗaya ya yagalgala ɗan'uwansa.

Mai tambaya ko zai iya zuba kifin da ya kamo a Bahar Maliya: na ruwan gishiri ne, a ruwan daɗi mutuwa zai yi.

Sai Alhaji daga Riyad, wanda ya ga fararen ɗigo-ɗigo kamar gishiri a jikin kifinsa bayan ya ƙaro sababbi, ya sayi magani kala uku ya antaya lokaci guda. Alhaji, riyal ɗinka ka zubar, kifin ma ka ƙara masa wahala. Ƙwayar da ke kawo ɗigon nan magani ba ya samunta muddin tana lafe a cikin fatar kifi. Sai ta faɗo ƙasa ta hayayyafa, 'ya'yan sun fito suna yawo a ruwa, sannan yake kashe su. Don haka magani ɗaya ya isa, a bi ƙa'idar da ke jikin kwalba, a ci gaba 'yan kwanaki bayan ɗigon ya ɓace. Ka fara da sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan, da ruwan da aka cire wa kulorin. Gaba kuma, sabon kifi ya yi mako biyu zuwa huɗu a wani ƙaramin akwati shi kaɗai kafin ka haɗa shi da na gida.