Ƙanena, kafin ka zaɓi teku ko taurari

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, har sau biyu na karanta shi. Ka ce ka kammala digirin farko a fiziks, kullum kana bin labaran bincike: yau teku na ɗumama, gobe sararin samaniya na faɗaɗa ba yadda aka zata ba, jibi maganar hayaƙin kabon. Sai ka tambaye ni, "Yaya, wanne zan bi, kuma wanne ya fi saurin kawo tallafin karatu a waje?"

Ka yi haƙuri, zan ɗan sage maka gwiwa tukuna. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Labarin da ka karanta cikin minti biyu, galibi wasu sun yi shekaru suna auna abu guda kafin ya fito. A 1958 Charles Keeling ya fara auna iskar kabon a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawayi, ya samu kusan kashi 315 cikin miliyan na iska. Yau adadin ya haura 420, alhali kafin zamanin masana'antu bai wuce kusan 280 ba. Babu wani siddabaru a aikin, naci ne kawai da tsantseni wajen awo, kuma a kansa aka gina yawancin abin da ake faɗa yanzu game da ɗumamar yanayi.

Ni a teku na tsinci kaina, a wata cibiya da ke arewacin Jamus. Abin da ya ja ni shi ne teku na haɗiye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kabon da mutane ke fitarwa, ga shi man fetur da kwal da gas da siminti kaɗai suna fitar da tan biliyan 37 ko kusa da haka a shekara. Sama da kashi 90 cikin ɗari na zafin da ya ƙaru a duniya ma cikin ruwan ya shige. Ta yaya aka sani? Akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke yawo a tekunan duniya. Kowace takan nutse mita 1,000 ta bi igiyar ruwa, duk bayan kwana goma ta gangara mita 2,000, sannan ta taso tana auna zafi da gishirin ruwa, ta tura wa tauraron ɗan'adam, ta koma ƙasa.

A shekarata ta farko na ga gishiri na ƙaruwa a alƙaluman wata na'ura. Watanni na yi ina murna a ɓoye, har na fara tunanin sunan da zan sa wa takardar. Ashe ma'aunin ne ya fara karkacewa, ba tekun ba. Malamina bai yi faɗa ba, cewa ya yi yau na fara aiki. Na ji kunya, amma tun daga ranar, duk lambar da ta faranta min rai ita nake fara tuhuma.

Kada ka ɗauka ƙananan ɗalibai kaɗai abin ke samu. A 2011 masu wani gwajin fiziks mai suna OPERA sun ga kamar wasu mitsitsin ƙwayoyi da ake kira nutirino, da aka harbo daga cibiyar binciken CERN da ke Geneva zuwa Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isa. Duniya ta ɗauka. A 2012 aka gano wata wayar da ke ɗaukar saƙo da haske ce a cikin na'urarsu ba ta zauna daidai ba. Don gudun irin haka, da na'urar LIGO da ke Amurka ta kama girgizar sarari daga karon baƙaƙen ramuka biyu, wato wuraren da ko haske ba ya iya kuɓuta daga jansu, a ranar 14 ga Satumba, 2015, masananta ba su buɗe baki ba sai Fabrairun 2016. Motsin da suka auna a hannuwan na'urar masu tsawon kilomita 4 bai kai faɗin furoton da ke cikin ƙwayar zarra ba, nesa ba kusa ba. Watannin nan sun tafi ne wajen ƙoƙarin ƙaryata kansu.

Masu nazarin sararin samaniya kuwa har yanzu suna cikin tasu rigimar. Idan aka lissafa saurin faɗaɗar sarari daga tsohon hasken farkon halitta, kamar yadda aka yi da tauraron ɗan'adam na Planck, ana samun kusan 67. Idan aka bi ta taurari masu fashewa, sai a samu kusan 73, a ma'auni ɗaya. Ko dai wani na kuskure, ko akwai abin da ba mu sani ba. Ga kuma na'urar DESI mai zana taswirar sararin samaniya a Arizona ta Amurka, wadda sakamakonta na 2024 da 2025 ya nuna alamar ƙarfin da ke ingiza faɗaɗar yana iya sauyawa da zamani. Alama na ce, ba tabbaci ba, ko da jaridu sun riga sun yi shela.

To wanne za ka bi? A ganina tambayar ta zo da wuri. Duk fannonin nan kayan aikinsu ɗaya ne: lissafi, ƙididdiga, da rubuta manhaja, musamman Python. Ko kyautar Nobel ta fiziks ta 2021, rabinta masu lissafin yanayi ne suka ɗauka, Syukuro Manabe da Klaus Hasselmann. Wanda ya iya tace alƙaluma masu datti zai iya tsallakawa daga taurari zuwa teku, kuma na ga waɗanda suka yi hakan.

Batun tallafi, duba cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964. Tana da kwas na shekara ɗaya don ɗaliban ƙasashe masu tasowa, akwai ɓangaren fiziks na ƙasa da yanayi, akwai na ƙwayoyin zarra da sararin samaniya. Duba DAAD ma, hukumar ba da tallafin karatu ta Jamus. Ka karanta sharuɗɗansu da kanka, domin suna sauyawa.

Sai dai kada ka rubuta wa farfesa cewa kana son kimiyya tun kana yaro. Irin wannan wasiƙar ta ishe su. Alƙaluman Argo da na Mauna Loa kyauta ne a intanet, ba a tambayar fasfo. Zaɓi na'urar Argo guda a tekun Atilantika, ka sauke bayananta na shekara biyu, ka zana yadda zafi ke sauka daga saman ruwa zuwa mita 2,000. Za ka ci karo da lambobin da ba su yi kama da gaskiya ba, kada ka goge su. Turo min zanen tare da su nan da wata ɗaya, mu duba tare kafin ka cike kowace takarda.