Yaro na zawo, a hana shi abinci cikin ya huta?

Tambaya: Salamu alaikum likita, daga unguwar Zariya nan Maradi. Yarona ɗan shekara 2 zawo ya kama shi da daminar nan, kakarshi ta ce a bar cikin ya huta, ruwa kawai za a ba shi, ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. A gaida Inna, amma nan kam don Allah kar a bar yaron da yunwa. Bangon hanji daga ciki wata fata ce siririya sosai, ita ke tare ƙwayoyin cuta kar su kutsa cikin jini, kuma ita bakteriya ke fara ci. To hanjin da kanshi yana fitar da wani sinadari, GLP-2 ake ce mishi, shi ke sa fatar nan ta sake toho, ya matse 'yan tsagogin da ke cikinta, ya ƙara jawo jini wajen. Tun 1996 wani likita mai bincike, Daniel Drucker, da abokan aikinshi a Toronto ta ƙasar Kanada suka ga yana kaurara bangon hanjin ɓeraye. Kuma sai abinci ya iso hanji yake fitowa sosai, kin ga in an hana yaro ci an rage mishi mai gyara kenan.

Ki dama kunu da ɗan tunkuza, kaɗan-kaɗan da cokali ko ya kau da kai, ki haɗa garin SRO (garin gishiri da sukari na masu zawo) a lita 1 na ruwa mai tsabta ki riƙa ba shi, da maganin zinc kwana 10 zuwa 14. In kin ga jini a kashin ko idonshi ya faɗa, asibiti yau ba gobe ba.