Kuɗin adashi da buhun bakunan diril: a sayi kabad ko a dakata?

Wani mai karatu daga Kaduna ya rubuto cewa yana da ƙaramin wurin aikin ƙarfe a zauren gidansa, da injin huda ƙarfe na tsaye da ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe. Kwanakin baya ya sayi buhu guda na tsofaffin bakunan diril a Kasuwar Panteka, irin masu gindin da ke sirancewa, waɗanda ake cusawa kai tsaye cikin bakin inji. Sun haura ɗari, duk a zube cikin bokitin ƙarfe, wasu har sun fara tsatsa. Zai kwashi adashi a ƙarshen wata, shi ne yake tambaya ko ya sayi kabad ɗin ƙarfe na ƙasar waje mai durowa da aka yi musamman domin irin wannan kaya.

Malam, kada ka sayi kabad ɗin yanzu. Amma kada bakunan nan su ƙara kwana a cikin bokiti, domin abin da ke cikinsa jari ne, kuma kullum yana raguwa.

Bari in fara da abin da ke lalacewa, don shi zai nuna maka irin ma'ajiyar da kake buƙata. Wannan gindin ana kiransa gindin Morse, da sunan Stephen Morse, Ba'amurken da ya ƙirƙiro shi a shekarun 1860, kuma yana da lambobi daga 0 zuwa 7. Ba ƙusa ba ce ke riƙe shi a inji, ba kuma muƙamuƙi ba. Sirancewar nan ta kusan milimita ɗaya a kowane milimita ashirin ita ce ke sa gindin ya manne da ramin inji, mannewar kuma ita ce ke juya bakin. Ɗan harshen da ke ƙarshensa aikinsa shi ne a buga a fitar da shi. To idan bakuna suna gogar juna a bokiti, gindin ya samu ɗan tabo ko ƙaiƙayin tsatsa, ba zai zauna daidai ba. Zai riƙa rawa, ramin da ya huda ya fi girman da aka nema, ko ya zame ya murɗe harshen. Abin da ya fi muni, gindi mai tabo yana cin ramin injin kansa, gyaran wannan kuwa ya fi ƙarfin kuɗin adashinka. Tsinin baki idan ya dakushe ana wasa shi sau da yawa ya dawo. Gindi idan ya tafi, ya tafi.

Saboda haka aikin farko ba ya buƙatar kuɗi sai lokaci. Ka zazzage su a kan tabarma, ka wanke da kananzir, ka goge. Inda ka ji ɗan tudu a jikin gindi, ka bi shi a hankali da dutsen wasa wuƙa mai laushi, kada ka kai shi injin gurza. Sannan ka raba su bisa lambar gindi tukuna, kafin girman baki. A bakunan milimita da aka saba, lamba 1 tana kaiwa milimita 14, lamba 2 zuwa 23, lamba 3 zuwa kusan 32, lamba 4 zuwa kusan 50. Kayan tsofaffin masana'antu sukan zo a gauraye, wasu na inci wasu na milimita, rubutun jikin wasu ma ya goge. Ka auna kowanne. Rabin inci milimita 12.7 ne, ba 13 ba, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya sa a dawo maka da aiki.

A nan ne maganar kasuwanci ta shigo, kuma ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Ka ce sun haura ɗari, amma ba ka faɗi nawa ne injinka zai iya ɗauka ba. Idan ramin injinka lamba 3 ne, ƙananan za su shiga da rigar ƙarfen nan da ake zura su a ciki, amma masu lamba 4 da 5 ba naka ba ne. Ko ka samo abin haɗawa, ƙaramin inji ba shi da ƙarfi ko jinkirin juyawar da baki mai milimita 40 yake so. Kuma manyan nan su ne masu tsada, su ne masu manyan injuna ke nema. Haka nan za ka tarar da girma ɗaya ya maimaitu sau huɗu ko biyar. Ka ajiye biyu daga waɗanda kake aiki da su kullum, musamman na huda ramin yanka zare: milimita 14 domin ƙusa mai zare M16 (wato mai kaurin milimita 16), 17.5 domin M20, 21 domin M24. Sauran ka gyara su, ka rubuta girmansu, ka sayar ɗai-ɗai. Kai ka saye su a buhu ne ba a tantance ba. Wanda zai saya a hannunka yana sayen baki wankakke, aunanne, wasasshe, kuma farashin ba ɗaya ba ne. Ina kyautata zaton bayan wannan tacewar abin da zai rage bai kai rabin buhun ba. Da ka sayi kabad tun farko, da ka biya kuɗin ɗaki ga kayan da ba za su zauna ba.

Ma'ajiyar kuwa kafintan unguwa zai yi maka ita, kai ma za ka iya, tunda injin hudawa yana hannunka. Katako busasshe mai kauri, a huda ramuka a jere: milimita 11 domin gindi lamba 1, 16 domin lamba 2, 22 domin lamba 3. Ramin ya ɗan gaza wa kaurin gindin ta sama, don bakin ya zauna a tsaye ba tare da ya zarce ba. A jiƙa ramukan da mai mai tsabta, domin katako yana riƙe laima, ya sa tsatsa a daidai wurin da kake son karewa. A rubuta girma a gaban kowane rami da fenti, layin inci daban, na milimita daban. Dogaye masu nauyi gara a kwantar da su a durowa mai shinge, ko kowanne a cikin guntun bututun roba.

Tunda a gida kake, a sa wa katakon akwati mai murfi da kwaɗo. Bakuna a tsaye tsininsu sama yake kallo, yara kuma suna shiga zaure. Murfin zai kuma tare ƙurar hunturu, wadda ke haɗuwa da mai ta zama abin goge ƙarfe. Da damina a riƙa shafa musu mai kaɗan, sabo, ba baƙin man da aka juye daga mota ba, kuma akwatin kada ya zauna a kan siminti.

Akwai wata asarar da kabad na waje ma ba zai hana ba, ita ce aro. Da zarar maƙwabta masu walda sun san kana da su, za a fara zuwa. Ba na cewa ka hana, zaman tare ya wuce haka. Amma ka ajiye littafi: suna, girma, ranar ɗauka. Ramin da babu komai a ciki shi zai tuna maka kowace yamma. Manyan kuwa ka ce a kawo aikin ka huda a biya ka, don wanda ya saba da diril na hannu zai iya matse gindin a abin da bai dace ba ya dawo maka da shi da tabo.

Idan adashin ya zo, ka sayi rigunan haɗa gindi masu kyau na lamba 1 zuwa 3 da 2 zuwa 3, da ƙarfen bugun fitarwa na gaske don ka daina amfani da tsinin fayil ɗin goge ƙarfe, da dutsen injin wasawa mai kyau da ma'aunin kusurwar tsini na digiri 118. Abin da ya rage ka bar shi na sayen ƙarfen aiki. In bayan shekara ciniki ya ƙaru har ka ɗauki yaro na biyu, ka sake rubuto mini mu duba maganar kabad ɗin.